Gajiyar da Barci Ba Ya Maganinta

A ɗakin duba marasa lafiya inda nake aiki, akwai mutanen da kukansu kusan ɗaya ne: malaman makaranta, ma'aikatan banki, malaman jinya, har da 'yan'uwana likitoci. "Likita, jikina duk a mace yake." "Na yi barci, amma na tashi kamar an yi mini dukan tsiya." Da yawansu sun riga sun sha maganin maleriya da na taifot, wasu har ƙarin ruwa an yi musu a kemis. Mukan auna jini, mu duba suga da hawan jini, domin wajibi ne a fara da nan. Sau da yawa sakamako ya fito lafiya lau. Sai na tambayi yadda ake ciki a wurin aiki sannan bakinsu ke buɗewa.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan hali a kundinta na rarraba cututtuka, ICD-11. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce sakamako ne na matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum har ya fara jin haushinsa, sannan ya ga ba ya taɓuka komai.

Yawan aiki kaɗai bai cika kai mutum nan ba. Manomi yakan yini yana huɗa, ya kwana ya tashi garau. Christina Maslach, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta nuna cewa rashin adalci, rashin yabawa da rashin ta-cewa a kan aikinka suna cin mutum kamar yadda nauyin aikin ke cin sa.

Abin da na fi gani shi ne haɗiye abu. Malamar jinya yaro ya cika a hannunta, ta wanke hannu ta wuce gado na gaba, babu wanda zai ce mata sannu. Ma'aikaciyar banki an zage ta a kan kuɗin da na'ura ta riƙe, dole ta yi murmushi, ga kuma adadin kuɗin ajiya da aka ɗora mata ta kawo kafin ƙarshen wata. Wanda ya fi ciwo shi ne ka san abin da ya kamata, ka rasa yadda za ka yi: ga allurar da za ta ceci yaro, uban ba shi da kuɗinta. Wannan kam har gida yake bin mutum. Jiki kuwa bai san wasa ba, yana ta sakin sinadaran fargaba, barci ya lalace, wuya ya sage, ga ciwon kai da saurin fushi a kan iyali.

Gidan ma ba a tsira ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 albashi ya daina kai wata, buƙatun dangi kuwa ƙaruwa suka yi, kara ta hana a ce babu. Mace ta taso daga aiki ta zarce kicin. Idan mutum ya yi ƙorafi sai a ce, "Ka gode wa Allah kana da aikin." Gaskiya ne, amma godiya ba ta hana faɗin ciwo, kuma wannan kalmar ta rufe bakin mutane da yawa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a karɓi hutun shekara, haƙƙi ne. A samu aminin da za a faɗa wa abin da ke rai. A guji tiramadol da lemukan ƙara kuzari. Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka kai mako biyu, ko aka fara jin gara mutuwa, abin ya wuce gajiya: a je asibiti, akwai ƙwararru a asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa, Kware da Maiduguri.

Shugabannin ma'aikatu, kaso mafi girma naku ne. Ku raba aiki da adalci, ku daina riƙe hutun mutane, ku kuma kira ma'aikacin da ya yi shiru ku tambaye shi lafiya.