Yadda Ake Bin Salsalar Gida a Wurin Hausawa Kirista

Duk wanda ya ƙudura niyyar bin nasabar gidansu, har ya san ta wace ƙofa addinin Almasihu ya shigo zuriyarsu, kuma a hannun wa, to, kada ya fara da takarda, domin takarda tana iya jiransa shekara goma, amma tsohuwar da ta ga kakansa da idonta ba ta da wannan sukuni. Sai ya ɗauki goro da alƙalami ya tafi wurin gwaggo ko iya, ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ya bar hira ta yi nisa kafin ya kawo bukatarsa, gama tsofaffi ba su son a yi musu tambaya irin ta alƙali. Mata sun fi maza riƙon wannan ilmi, domin su ne suka san wadda aka auro daga ina, da ɗan da aka ba wa riƙo, da wanda ya rasu a goye ba a ƙara ambatonsa ba.

Abin da zai fi nema a bakinsu shi ne suna, kuma a nan ne mafi yawan masu bincike suke ɓata. Mutumin da ya karɓi baftisma yana babba yakan zama mai suna biyu, na yanka da na majami'a, har wani lokaci da laƙabi na uku wanda da shi kaɗai ƙauye ya san shi. Saboda haka wanda jikoki suke kira Malam Bulus ko Malam Istifanus, a garinsu na asali ba mai gane shi sai an ce Audu ko Tanko. A rubuta dukkan sunayen, da kirarin gidan in akwai, da irin zanen da ke fuskarsa, da sana'ar da ya gada, domin aska da sana'a sukan nuna asali a inda baki ya manta.

Bayan an tara riwaya sai a nemi hujja a rubuce. A fara da akwatin gida, a duba shafukan farko na tsohon Littafi Mai Tsarki, inda iyaye suka saba rubuta ranar haihuwa da ta aure da ta rasuwa. Kuma tun da yake ba a buga cikakken Littafin da Hausa ba sai a 1932, rubutun da ke cikinsa na shekarun da suka gabaci wannan, daga ka aka zuba shi, sai a auna shi da hankali. Daga nan a je wurin limamin majami'a a roƙi izinin duba littafin baftisma da na ɗaurin aure, a kuma zaga makabarta a karanta abin da ke kan kaburbura.

Ga zuriyar da asalinta ya taɓa ƙasar Zazzau, hanya ba ta wuce Wusasa. Likita Mila, ɗan mishan, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, a 1929 kuma aka mai da mishan Wusasa, inda aka gina majami'ar Bartalamawus da jar ƙasa bisa tsarin ginin Hausa. Gidaje da dama na can suna komawa ne ga Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa, waɗanda zuriyarsu suka sadu da Mila, suka kafa zango a Gimi, har ciwon barci ya watse garin. Daga wannan tsatso Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mai son zurfafawa sai ya leƙa gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ya kuma sani wasiƙun 'yan mishan na asali suna Jami'ar Bamingam a Ingila.

Sa'an nan sai tahkiki. A jera riwayoyi kusa da juna, a tambayi kowace: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya gani ne ko labari aka ba shi, kamar dai yadda malamai suke bin isnadi. Inda baki biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun da sunan mai riwaya, kada a zaɓi wadda ta fi daɗin ji.

A nan nake da jan hankali wanda ya fi sauran nauyi a zuciyata. Mai bin salsala ba zai haura kaka uku ko huɗu ba sai ya iske Musulmi ko Bamaguje a silsilarsa, kuma na ga waɗanda suke tsayar da alƙalami daidai kan wanda ya fara karɓar baftisma, kamar daga sama ya faɗo. Wannan yanke zumunci ne, ba kuma gaskiya ba ce. A rubuta uban da ya haife shi, da 'yan'uwansa da suka zauna a addininsu, a kuma kai wa jikokinsu ziyara, domin sau da yawa rabin labarin yana hannunsu.

In an gama, a kwafe silsilar da kyakkyawan rubutu, a ba kowane reshe na gidan nasa, a karanta ta a gaban jama'a ranar da dangi suka taru bikin Kirsimeti, don mai gyara ya gyara. Wanda yake da sauran tsohuwa a gida, ya je ya gaishe ta a wannan mako.