Gansakukar Duwatsu: Yadda Aka Shekara 132 Ana Neman Dangin Takakia

Gabatarwa

Kalmar gansakuka a Hausa ta haɗa abubuwa da dama, tun daga koren da ke shimfiɗe a kan ruwan kududdufi har zuwa wanda ke fitowa a jikin randa ko a gindin katanga da damina. A wurin masana ilimin tsirrai kuwa, waɗannan ba abu ɗaya ba ne. Gansakukar da wannan darasi ya shafa ita ce ɗan ƙaramin tsiron nan mai kara da ganye, wanda ba ya fure, ba ya 'ya'ya, sai dai ya yaɗu ta hanyar wani garin iri mai laushi da yake zubarwa daga cikin ɗan kwanso. An san kimanin nau'i 12,000 nata a duniya. Tana da 'yan uwa biyu na kusa, wato tsiron hanta, wanda aka ba wannan suna saboda wasu nau'o'insa sun yi kama da hanta, da kuma tsiron ƙaho.

Akwai wasu jinsuna uku na gansakuka da ke zaune a kan duwatsu a wurare masu tsananin sanyi, su ne Andreaea da Andreaeobryum da Takakia. Na ƙarshen nan shi ya fi wahalar da masana, kuma tarihinsa yana koyar da ɗalibi yadda ake tantance tsiro da yadda ake ajiye shi a cikin danginsa.

Matakan tantancewa

Mai nazarin gansakuka yakan bi matakai huɗu. Na farko, ya lura da mazauninta: wane irin dutse ne, a inuwa take ko a rana, akwai danshi ko babu. Ɗigon asid mai rauni yakan yi kumfa a kan dutsen farar ƙasa, amma ba ya yi a kan giranayit, wato irin dutsen Kufena na Zariya. Na biyu, ya duba kara da ganye da gilashin hannu mai ninka girman abu sau 10. Na uku, ya yanka ganyen siriri, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma don ganin tsarin ƙwayoyin halittarsa. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, ya nemi kwanson iri.

Dalili kuwa shi ne, a nan ne bambancin gansakuka da tsiron hanta ya fi fitowa fili. Kwanson gansakuka yana da ɗan ginshiƙi a tsakiyarsa, kuma a yawancin nau'o'i yana bisa tsinke mai ƙarfi, yana da murfi da ke faɗuwa idan ya nuna. Kwanson tsiron hanta ba shi da ginshiƙi, tsinkensa fari ne mai taushi da ke yanƙwanewa cikin 'yan kwanaki, yakan tsage gida huɗu, kuma a cikin garin irinsa akwai wasu zarurruka masu murɗi da ke taimakawa wajen watsa shi.

Andreaea da Andreaeobryum

Jinsin Andreaea yana da nau'i kusan 100. Yana fitowa dunƙule-dunƙule, baƙi ko ja mai duhu, a kan giranayit da makamantansa, a ƙasashen sanyi da ƙololuwar manyan duwatsu, har da Kilimanjaro a Tanzaniya. Kwansonsa ba shi da murfi. Yakan tsage gida huɗu a tsaye, amma sama da ƙasa suna haɗe, sai ya zama tamkar 'yar fitilar ƙwai. Saboda wannan tsagewa ne masanan farko, ciki har da Linnaeus, suka ɗauke shi tsiron hanta. Da aka duba cikin kwanson, sai aka tarar da ginshiƙi, ba a kuma ga zarurrukan nan ba. Wannan ya nuna cewa ko a kwanso ma, alama ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba.

Andreaeobryum kuwa nau'i ɗaya tak ke gare shi, wato Andreaeobryum macrosporum, wanda Steere da Murray suka bayyana a 1976 daga Alaska. A ido ya yi kama da Andreaea, amma shi a kan dutsen farar ƙasa mai danshi yake fitowa, ƙwayoyin irinsa manya ne, kuma kwansonsa yana bisa gajeren tsinke nasa na kansa. A Andreaea, wani ɓangare na jikin uwar tsiron ne ke miƙewa ya ɗaga kwanson.

Tarihin Takakia

A 1861 William Mitten, wani mai haɗa magunguna a Ingila wanda ya shahara a nazarin gansakuka, ya bayyana wani ɗan tsiro da aka kawo daga Sikkim a tsaunukan Himalaya. Ganyensa a rabe yake kamar 'yan yatsu, siffar da aka sani a wani jinsin tsiron hanta mai suna Lepidozia, ba a kuma san ta a gansakuka ba. Don haka ya raɗa masa suna Lepidozia ceratophylla. Busasshen samfurin ya yi kusan ƙarni guda a ma'ajiyar tsirrai ba wanda ya waiwaye shi.

A farkon shekarun 1950 Noriwo Takaki ya tsinci wani tsiro mai irin wannan siffa a tsaunukan Japan. Masanan ƙasar suka rasa inda za su sa shi, har sunansa na Japananci ya zama kamar a ce "gansakukar mece ce wannan". A 1958 Hattori da Inoue suka ƙirƙira masa sabon jinsi, suka kira shi Takakia lepidozioides don girmama wanda ya gano shi. A 1963 wani masani Bajamushe, Riclef Grolle, ya koma ga samfurin Mitten, ya tabbatar cewa ɗan wannan jinsi ne, sai sunansa ya koma Takakia ceratophylla.

Da wuya tsayin Takakia ya wuce santimita 1. Ba shi da siraran gashin nan da sauran gansakuka ke kama dutse da su, sai wani farin kara mai rarrafe. Ana bambanta nau'o'insa biyu da ganye. Ganyen T. ceratophylla yawanci yatsu huɗu ne, bangon ƙwayoyinsa mai kauri, kuma yana da kuromosom 5. Na T. lepidozioides yawanci yatsu biyu ne, bangon ƙwayoyinsa siriri, kuromosom nasa 4 ne kacal, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta da aka sani a tsirran tudu.

Duk da haka babbar tambaya ba ta amsu ba, domin ba a taɓa ganin kwansonsa ba. Littattafai da yawa suka ci gaba da lissafa shi cikin tsirran hanta, kusa da jinsin Haplomitrium, wanda shi ma ba shi da gashin kamu. Sai a 1993 Smith da Davison suka ba da rahoton samun T. ceratophylla mai kwanso a tsibiran Aleutian na Alaska. Kwanson yana bisa tsinke mai ƙarfi, yana da ginshiƙi, ba shi da zarurruka, yana kuma tsagewa ta layi ɗaya mai karkata. Ta tabbata gansakuka ce. Nazarin sinadarin gado, wato DNA, ya ƙarfafa wannan hukunci daga baya, ya nuna cewa Takakia na cikin rassan da suka fara rabuwa a tarihin gansakuka. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane ba ce. A yau kowane ɗaya daga jinsunan nan uku yana da aji nasa na kansa.

Amfanin wannan aiki

Wani zai tambaya me ya sa za a ɓata shekaru a kan tsiron da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Amsar ta fito a 2023, lokacin da masana daga Sin da Jamus, a ƙarƙashin He Yikun da Ralf Reski, suka buga nazarinsu a mujallar Cell. Sun ƙiyasta cewa zuriyar Takakia ta rabu da sauran gansakuka kimanin shekara miliyan 390 da suka wuce. Sun yi fiye da shekara goma suna sa ido a kansa a Tibet, a tsayin da ya haura mita 4,000, inda ƙanƙara ke rufe shi wata takwas a shekara. Sun gano cewa yana da kayan gado masu gyara ɓarnar da hasken rana mai ƙuna ke yi wa ƙwayar halitta. Sun kuma tarar cewa yawansa yana raguwa da kimanin kashi 1.6 cikin ɗari kowace shekara, yayin da wurin ke ƙara ɗumi. Da an bar shi da sunan da Mitten ya ba shi, za a ɗauka nau'i ɗaya ne cikin ɗimbin nau'o'in Lepidozia, ba kuwa za a san cewa reshe ne sukutum ke fuskantar ɓacewa ba.

Aiki ga ɗalibai

Takakia ba ya rayuwa a ƙasa mai zafi, amma matakan tantancewa ɗaya ne a ko'ina. A watan Agusta malami na iya fita da ɗalibai su ɗebo gansakuka kaɗan daga inuwar dutse ko tsohuwar katanga. A sa kowane samfur a ambulan takarda, ba leda ba, don kada ya ruɓe. A rubuta rana da wuri da irin abin da ya fito a kai. A aji, a jiƙa shi da ruwa, a zana ganyen, sannan a nemi kwanso a ga ko yana da murfi. Samfurin da ba shi da kwanso a adana shi da cikakken bayaninsa, a koma wurin bayan mako biyu ko uku a sake dubawa.