Kimiyyar Takalmin Farauta a Kan Tsauni: Dalilan Lalacewarsa da Hanyoyin Gyara

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 1935 wata ƙungiyar mahaya tsauni ta ƙasar Italiya ta hau wani tsauni mai suna Punta Rasica a jerin tsaunukan Alps. A wancan zamani mahayi yakan tafi da takalma iri biyu: mai nauyi wanda aka buga wa ƙusoshi don takawa zuwa gindin dutse, da kuma mara nauyi mai laushin tafi don hawa. Mutanen sun bar masu nauyin a ƙasa, sai guguwa da dusar ƙanƙara suka rutsa da su a sama. Mutum shida suka rasu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, Vitale Bramani, ya ɗora alhakin abin a kan takalma. Ya duƙufa neman mafita, har a 1937 ya fito da tafin takalmi na roba mai manyan haƙora, ya raɗa masa suna Vibram daga farkon sunayensa biyu. Da irin wannan tafi ne Italiyawa suka fara kaiwa ƙololuwar tsaunin K2, mai tsayin mita 8,611, a shekarar 1954.

Wannan labari ya nuna cewa a kan tsauni ran mutum yana rataye da abin da ya sa a ƙafarsa. Maharbin da ke bin awakin dutse a Alps, ko tumakin daji a Alaska da tsaunukan Roki na Amurka, ya fi mahayin nishaɗi wahalar da takalminsa, domin ba ya bin hanya, kuma yakan sauko da nama a bayansa. Darasin nan zai duba sassan wannan takalmi, da abin da kimiyya ta bayyana game da lalacewar kowane sashe, da yadda ake gyara shi.

Sassan takalmin

Takalmin yana da manyan sassa biyar. Akwai fatar sama wadda ke rufe ƙafa har sama da idon sawu. A cikinta akwai shafi mai hana ruwa shiga. A ƙasa akwai tafin roba mai taɓa dutse. Tsakanin tafi da ƙafa akwai matashin tsakiya mai kama da soso, wanda ke shanye girgizar taku. Na biyar shi ne ɗamarar roba da ke kewaye gindin fatar don kare ta daga kaifin duwatsu. Abin da ke riƙe waɗannan sassa wuri ɗaya shi ne gam, ko ɗinki, ko duka biyun.

Nauyin da takalmin ke ɗauka

Idan tsawon taku ɗaya santimita 75 ne, mai tafiyar kilomita 10 zai yi taku wajen 13,000, wato kowane wari zai lanƙwashe ya miƙe fiye da sau 6,500. A ɗauka nauyin maharbi kilo 70 ne, kayansa kuma kilo 30. Jimla kilo 100 ke nan, wato ƙarfin niyuton kusan 1,000. In ya taka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da tafi mai faɗin murabba'in santimita 200, kowane murabba'i zai ɗauki niyuton 5. Amma in ya dogara da gefen takalmin a kan bakin dutse mai faɗin murabba'in santimita 10 kacal, kowane murabba'i zai ɗauki niyuton 100, ninki ashirin ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa lalacewa takan faro daga gefe, da hanci, da dunduniya.

Cinyewar tafi

Ɗanyar roba takan yi danƙo da zafi, ta ƙage da sanyi. Charles Goodyear na Amurka shi ya gano a 1839 cewa in aka dafa ta da farar wuta takan daina wannan hali, domin farar wutar tana ƙulla dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin roba da juna. Ana kuma zuba mata baƙin garin kabon don ƙarin juriya. Duk da haka dutse ya fi ta tauri nesa ba kusa ba, musamman mai ɗauke da ma'adinin kwaz, wanda taurinsa ya kai 7 a ma'aunin Mohs mai matakai 10. Kowane taku yana kankare ɗan abin da ido ba ya gani.

A nan masu yin takalma suna da zaɓi mai wuya. Roba mai laushi tana shiga ƙananan ramukan dutse ta kama shi sosai, amma tana saurin cinyewa. Mai tauri tana daɗewa, amma tana santsi a kan jiƙaƙƙen dutse. Idan haƙoran tafi suka shafe, musamman na dunduniya waɗanda ke aikin birki wajen gangara, lokacin sauya tafi ya yi.

Ciwon da ke ɓoye a tsakiya

Matsalar da ta fi ba maharba mamaki ita ce ta matashin tsakiya. Mutum zai ɗauko takalmin da ya daɗe a ajiye, fatarsa na ƙyalli, haƙoransa ba su taɓu ba, amma kafin ya yi tafiyar awa guda sai tafin ya ɓalle gaba ɗaya, wani gari mai danƙo yana zubowa daga ciki.

Yawancin manyan takalman tsauni ana yin matashinsu da foliyuritan, wani sinadari da Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jamus a 1937. Irin da aka fi amfani da shi a takalma yana da mahaɗai da masana kimiyyar haɗa sinadarai ke kira esta a cikin sarƙoƙinsa. Ɗaliban manyan azuzuwan sakandare sun san cewa esta tana samuwa ne in asid da alkohol suka haɗu suka fitar da ruwa. To, abin yana iya komawa baya: ruwa ya shiga mahaɗin ya tsinka shi, a sake samun asid da alkohol. Ana kiran wannan haidurolisis, ma'ana tsinkewa ta hanyar ruwa. Dangin wannan aiki ne ke faruwa a tukunyar mai dafa sabulu, inda ruwan toka ke tsinka estar da ke cikin mai.

Laimar da ke cikin iska kaɗai ta isa ta yi wannan ɓarna. Bugu da ƙari, asid ɗin da aka saki yana ƙara hanzarta tsinkewar sauran mahaɗai, saboda haka abin yakan fara a hankali, daga baya ya yi sauri. Dogayen sarƙoƙi sukan zama guntaye, soson ya rasa ƙarfin da ke riƙe shi, ya marmashe. Galibi ana ganin haka bayan shekara biyar zuwa goma da ƙera takalmin, ko an sa shi ko ba a sa ba. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana, amma wannan takalmi ya saɓa wa karin maganar. Masu ƙera shi da kansu suna ba da shawarar a riƙa sa shi a kai a kai, domin matsawar taku tana fitar da laimar da ta maƙale a ramukan soson.

Zafi ma yana da hannu. Akwai ƙa'idar da ake koyarwa cewa ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Salshiyos yakan kusan ninka saurin aikin sinadarai da dama. Bisa wannan ƙiyasi, takalmin da aka ajiye a ɗaki mai zafin digiri 35 zai iya lalacewa da sauri ninki huɗu a kan wanda aka ajiye a digiri 15. Wannan ya shafi masu sayen takalman gwanjo a kasuwannin Nijeriya da Nijar, domin da yawa daga cikinsu sun tsufa tun a Turai, sannan suka sha zafi da laima a hanya. Kafin a biya kuɗi, sai a danna matashin da farce, a lanƙwasa takalmin. In ya tsattsage, ko ya yi danƙo, ko farcen ya nutse bai dawo ba, to kyan fatar ba zai amfana komai ba.

Akwai wani soso mai suna EVA da ake sa wa takalma marasa nauyi. Shi ruwa ba ya tsinka shi haka, sai dai yawan taku yana matse ramukan iskarsa har ya lotse ya daina dawowa.

Fata, zafi da laka

Fata saƙa ce ta zaruruwan wani furotin mai suna kolajin. Jima ita ke hana waɗannan zaruruwa ruɓewa. Majeman Kano da Sakkwato sun daɗe suna jima da bagaruwa, wadda ke ɗauke da sinadarin tanin. Yawancin fatar takalman zamani kuwa da gishirin kuromiyam ake jeme ta, hanyar da Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Bayan jima ana shigar da mai tsakanin zaruruwan don su riƙa zamewa a kan juna in fatar ta lanƙwashe.

Yawan jiƙewa da bushewa yana wanke wannan mai. Laka in ta bushe a jikin fata tana tsotse shi. Da zarar man ya ƙare sai zaruruwan su riƙa gogar juna, fatar ta tsage a inda yatsu ke lanƙwasawa. Mafi munin kuskure shi ne shanya jiƙaƙƙen takalmi a bakin wuta. Ɗanyen kolajin mai laima yana tsukewa a wajen digiri 60 zuwa 65. Jima tana ɗaga wannan iyaka, amma gaban murhu ya wuce ta, kuma fatar da ta tsuke ta ƙandare ba ta dawowa. Zafin nan kuma yana sassauta gam ɗin da ke riƙe tafi da ɗamara.

Shafi mai hana ruwa

A 1969 Robert Gore ya gano cewa in aka fizgi zazzafar robar PTFE da sauri takan miƙe ta zama siririn mayafi mai ɗimbin ƙofofi. Daga nan aka sami Gore-Tex. Ƙofofin sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma tururin gumi yana wucewa. Wannan yana da muhimmanci, domin ƙafafun mutum biyu suna da ƙofofin gumi kimanin 250,000. Sai dai mayafin bai kai kaurin takarda ba. Tsakuwa ko yashin da ya faɗa cikin takalmi, da dogon farce, da ƙaya, duk suna huda shi. Da yake an ɗinke shi tsakanin fata da shafin ciki, hannu ba ya kai masa, kuma ba a cika iya gyara shi ba. Abin da ya rage shi ne a kula da fatar waje don ta rage ruwan da ke isa gare shi.

Hanyoyin gyara

Sauƙin gyara ya danganta da yadda aka haɗa takalmin tun farko. Wanda aka ɗinke fatarsa da gindinsa da zare biyu a waje, irin ɗinkin da ake dangantawa da ƙasar Norwe, ana iya sauya masa tafi sau da yawa. Wanda aka manne da gam ma yana karɓar sabon tafi, muddin fatarsa na da rai.

Idan gefen tafi ko ɗamara ne kawai ya ɗago, ga matakan da ake bi:

1. A wanke wurin, a bar shi ya bushe sarai a inuwa.
2. A goge fuskokin biyu da samfefa don cire tsohon gam da samar da kaushi.
3. A shafa gam ɗin takalmi siriri a kowace fuska, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa. A yi wannan a fili mai iska, nesa da wuta, domin tururin gam ɗin yana kama wuta kuma yana cutar da mai shaƙarsa.
4. A haɗa su, a buga da guduma, a ɗaure da tsinken roba na tsohon tub.
5. A bar shi kwana ɗaya cur kafin a sa.

Gam mai kamawa nan take bai dace ba, domin yana bushewa kamar gilashi, ya karye da lanƙwasa. Haka kuma matashin da ruwa ya riga ya tsinka ba ya karɓar gam ko wane iri, domin mannawa a kansa kamar gini ne a kan rairayi. Dole mai gyara ya kankare shi kaf, ya sa sabon matashi da sabon tafi. Ɗinkin da ya warware a bi tsofaffin ramukansa da basilla da zaren nailan da aka shafa wa kaki, don sabbin ramuka suna raunana fata. A daji kuwa, maharbi mai hankali ba ya rabuwa da igiya mai ƙarfi da salatif mai kauri, waɗanda za su riƙe ɓallallen tafi har ya sauko.

Rigakafi

Bayan kowace fita a cire shimfiɗar ciki, a kakkaɓe yashi, a wanke laka da buroshi. A cusa tsohuwar jarida a ciki, a shanya a inuwa mai iska. A shafa kaki daidai gwargwado, domin yawan mai yana sa fata ta yi laushi fiye da kima, ya kuma raunana gam. A ajiye a busasshen wuri mai sanyi, kada a ƙulle a leda ko a bar shi cikin mota a rana. Kafin doguwar tafiya a gwada takalmin a kusa da gida.

Aikin aji

Malami ya sa ɗalibai su yanko guntaye uku masu girma ɗaya daga jemammiyar fata, su auna tsawonsu. Na farko a bar shi a bushe, na biyu a jiƙa shi a ruwan sanyi, na uku a sa shi a tafasasshen ruwa na minti biyar a gaban malami. Bayan sun bushe a sake aunawa, a lanƙwasa kowanne sau hamsin, a rubuta abin da aka gani.

Tambayoyi

1. Me ya sa takalmin da aka ajiye a Fatakwal zai riga wanda aka ajiye a Jos marmashewa?
2. Maharbi da kayansa sun kai kilo 120, ya taka bakin dutse mai faɗin murabba'in santimita 8. Niyuton nawa kowane murabba'i zai ɗauka?
3. Wace dangantaka ce tsakanin dafa sabulu da lalacewar matashin takalmi?