Ƙurjin laka: kada a ɗora wa tamowa laifin kowace kasala

A cibiyoyin kula da tamowa na birnin Tahoua da ƙauyukan arewacin Adar, mun saba ganin yaron da ya rame har tsayuwa ta gagare shi. Wannan sabo yana da haɗari, domin akwai cutar da kan ɓuya a bayan rama: ƙurjin da ke fitowa cikin ƙashin baya, daf da laka.

Laka ita ce igiyar jijiyoyi da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya, ita ke kai umarni ga hannuwa da ƙafafu da mafitsara. Tsakanin fatar da ta lulluɓe ta da ƙashi akwai ɗan fili mai ƙunci. Idan mugunya ta taru a nan, sai ta danne lakar, ta tauye jinin da ke ciyar da ita.

Mafi yawan lokaci ƙwayar cutar da ke haddasa maruru, wato Staphylococcus aureus, ita ke bin jini ta isa can daga miki, ko allura marar tsabta, ko tsagar da ta ruɓe. Tarin fuka ma kan ci ƙashin baya, ya tara mugunya sannu a hankali, har doro ya fito. Haka kuma cutar burusela, wadda ake ɗauka daga nonon dabba da ba a tafasa ba. Mai tamowa, da mai ciwon suga, da mai sida, sun fi shiga haɗari saboda raunin garkuwar jiki.

Alamun sukan zo daki-daki. Da fari ciwo a wuri guda na baya, wanda ke ƙaruwa in an danna. Sai ciwon ya riƙa harbawa zuwa ƙafa ko ya zagaye ƙirji. Daga nan ƙafafu su yi nauyi ko su mutu, fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba ba da sani ba. Ƙarshe shi ne shanyewa. A lura: yaro mai tamowa mai tsanani yana iya ɗauke da babbar cuta ba tare da zazzaɓi ba. Ƙaramin yaro kuwa ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo. Sai dai ya ƙi zama, ya ƙi sunkuyawa, ya yi ƙara idan an goya shi.

Duk ma'aikacin da ya ga haka, ya kai maganar ga shugaban CSI nan take, a tura marar lafiya babban asibitin jihar Tahoua a ranar. Kada a jira awon mako mai zuwa, kada a yi ƙaho ko sakiya a wurin. Hoton MRI ne ya fi nuna ƙurjin, kuma ana iya buƙatar wucewa Yamai domin aikin fitar da mugunya. Shanyewar da ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu ba kasafai take warkewa ba.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan ɗauki makonni 4 zuwa 6 ko fiye. Idan tarin fuka ne, watanni 9 zuwa 12. A duk tsawon wannan lokaci a ci gaba da ba yaro abincinsa na magani, a riƙa juya shi a shimfiɗa don kada gyambo ya kama shi, a kuma ƙarfafa wa uwa gwiwa kada ta yanke magani don ta ga sauƙi.