Yaron da Ya San Amsa Ya Yi Shiru

 

Ya 'yan'uwana ɗalibai, musamman ku manya da ake ba wa ƙanana ku biya musu karatu, darasin da nake so mu duba bana yana cikin Sahihul Buhari, a Kitabul Ilmi. Wata rana Manzon Allah (SAW) ya jefa wa sahabbai tambaya a kan wata bishiya da ganyenta ba ya zuba, wadda take kama da Musulmi. Jama'a suka dinga kawo sunayen itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar yana wurin, kuma ya faɗo masa a rai cewa dabino ce. Amma ya duba ya ga shi ne ƙarami, ga Abubakar ga mahaifinsa ba su ce komai ba, sai ya ji nauyi ya yi shiru, har Annabi ya faɗi amsar da kansa. Da ya ba mahaifinsa labari daga baya, Sayyadina Umar bai yaba masa shirun ba. Nuna masa ya yi cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi a kan abubuwa masu yawa.

Kun ga abu biyu a nan. Annabi ya san amsa sarai, amma sai da ya bar mutane suka yi tunani, har da masu kuskure, kuma ba mu ji an tsawata wa kowa ba. Na biyu, uba irin Umar, duk da kwarjininsa, so yake ɗansa ya buɗe baki a gaban manya.

To mu fa? Ni dai zan fara da laifina. Bara Malam ya ba ni 'yan aji ɗaya ina biya musu da yamma. Na tambaye su me ake ce wa kare da Larabci. Wani ɗan ƙarami ya ɗaga hannu da saurinsa ya ce "ƙalbu". Aji ya fashe da dariya, ni ma wallahi na yi, har na ce masa wai shi zuciyarsa haushi take. Harafi ɗaya ne kawai ya kuɓuce masa, ƙaf a wurin kaf. Tun daga ranar yaron nan bai ƙara ɗaga hannu ba, kusan wata biyu. Hadda yana kawowa daidai, amma in na tambaye shi abu sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin allo. Sai da na kira shi gefe na ba shi haƙuri, na sa shi ya riƙa rubuta kwanan wata a babban allo kullum, kafin ya fara sakewa da ni. Har yau bai koma kamar da ba.

Mu a gidajenmu an koya mana kunya, kuma kunya tana cikin imani, babu mai musu. Amma yaron da ke tsoron a yi masa dariya ko a ɗaga masa bulala ba kunya ke damunsa ba, tsoro ne, mu ne muke ba shi suna mai kyau don kada a ga laifinmu. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba.

Akwai kuma inda muke cakuɗa abubuwa. Alƙur'ani ba a yi masa ƙari ko ragi, yadda Malam ya biya haka za ka mayar, wasali ɗaya ba ya canjawa. Wannan haka yake. Matsalar ita ce mun ɗauki wannan ƙa'ida mun kai ta darasin insha'i. A ce a rubuta labarin ranar Salla, sai ka tarar da kaye ashirin duk jimla ɗaya suka fara da ita, wadda aka haddace daga babban allo. Wanda ya rubuta yadda ragonsu ya tsinke igiya ya shiga gidan maƙwabta, shi ne zai sha jan bik saboda kurakuran nahawu sun yi masa yawa. A ganina shi ya yi insha'i, sauran kwafa suka yi. A gyara masa nahawun, amma a fara gaya masa labarinsa ya yi daɗi. Ko a makarantar allo ai akwai wurin gwaninta: ku dubi allon zayyana na sauka, kowane mai zane da hannunsa, kuma ba wanda ya ce ya saɓa.

Yara kuma ba ɗaya ba ne. Wani murya gare shi, wani hannu, wani shegen tambaya. Zaidu ɗan Sabit yana matashi Annabi ya sa shi ya koyi rubutun Yahudawa, ya iya cikin kamar rabin wata. Umar kuma yakan zaunar da Ibn Abbas tare da dattawan Badar. Da wasu suka yi ƙorafi, sai ya tambaye su ma'anar Suratun Nasri, suka faɗi nasu, yaron ya ce ajalin Annabi ne aka sanar da shi, Umar ya gaskata shi a gabansu.

Malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, ga roƙonmu da ladabi. Ƙannenmu da yawa suna wuni a lakkwal kafin su zo nan, sun riga sun gaji da zama shiru. A ware musu rabin awa ranar Laraba kafin a tashi, kowane mako yara uku su tsaya gaban aji: wani ya ba da ƙissa da bakinsa, wani ya nuna rubutun da ya ƙawata, wani ya kawo tambayar da ta dame shi. Mu manya za mu zauna a baya mu tsare masu dariya. Ni na ɗauki ajin da na yi wa laifi bara, in Malam ya yarda.