Waƙa a Layi Biyu: Darasi Daga Takardar Naira Ashirin



A zangon da ya wuce mun karɓi waƙoƙi da yawa a akwatin kulob, amma kaɗan ne suka hau wannan allo. Wasu sun yi fushi, har suka ce muna son kai. Gaskiyar magana ita ce allonmu ƙarami ne. Waƙar da ta cika shafi uku ba ta da wurin zama a nan, kuma mai wucewa a lokacin tara ba zai tsaya ya karanta ta ba. Saboda haka muka ga ya dace mu koyi rubuta gajeriyar waƙa tare, mu kuma ɗauko abin da za mu waƙe daga hoto ko zane.

Taƙaitawa ba baƙuwa ba ce

Bahaushe ya daɗe da sanin taƙaita zance. Karin magana da kirari da kacici-kacici duk 'yan kalmomi ne masu ɗauke da ma'ana mai yawa. A rubutacciyar waƙa ma, malaman Hausa sun koya mana cewa akwai gwauron baiti mai layi ɗaya, da 'yar tagwai mai layi biyu, har zuwa 'yar biyar. A ƙasar Japan kuwa akwai wata irin waƙa da ake kira haiku, mai layi uku kacal: gaɓa biyar, gaɓa bakwai, gaɓa biyar. Matsuo Basho, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694, shi ne ya fi shahara da ita.

Hoton da ke aljihunmu

Ba sai mun je gidan adana kayan tarihi ba. Ku ciro takardar naira ashirin, ku juya bayanta. Matar da kuke gani tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar garin Kwali da ke yankin Abuja a yau. Ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Tana yi wa tukwanenta zanen ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsaye. Ta rasu a 1984.

Mataki na farko: kallo

Mu kalli hoton na minti uku, kada mu rubuta komai. Daga nan mu jera abin da ido ya gani kawai: hannu, yumɓu, bakin tukunya, kai a sunkuye. Kada mu rubuta "kyau" ko "ƙoƙari", domin waɗannan ra'ayinmu ne, ba a zana su a hoton ba.

Mataki na biyu: tambaya ɗaya

Mu tambayi kanmu: me ya ba mu mamaki? Mu dai abin da ya kama mu shi ne ƙasar da kowa ke takawa ce ta zama abin da ake alfahari da shi, har aka buga ta a kan kuɗi. Wannan tunani guda ɗaya ya isa waƙa. Wanda ya haɗa tunani uku a baiti ɗaya zai rasa duka ukun.

Mataki na uku: aski

Ga yadda muka fara rubutawa: "Wannan mata ce mai hazaka da basira, tana aiki mai kyau da ban sha'awa ƙwarai da gaske." Duk gaskiya ne, amma ana iya faɗar haka a kan tela ko likita. Babu Ladi a ciki, babu tukunya. Sai muka aske duk kalmar da ba ta nuna komai, muka koma kan jerin abin da muka gani:

Hannunta cikin yumɓu, kanta a sunkuye,
Ƙasar da muke takawa ta tashi tsaye.

Layin farko ya ba da abin da ido ya gani, na biyu ya ba da abin da zuciya ta ji. Ku ƙirga gaɓoɓin, kowane layi goma sha uku ne, kuma duka biyun sun ƙare da amsa-amon "ye".

Mataki na huɗu: karantawa da ƙarfi

Waƙa ta kunne ce. Mu karanta wa aboki. Duk inda harshe ya yi tuntuɓe, akwai gyara a wurin.

Mun gwada salon Japan ma, da zanen da muke gani a bayan manyan motoci:

Zaki na fenti
Bayan motar albasa
Ƙura yake sha.

A lura da ƙugiyar "ƙ" wajen kwafa, kada a sa zakinmu ya sha kura.

Aikin wannan mako

Kowa ya zaɓi zane ɗaya: dagin Arewa a jikin bango, aikin allura a kan hula ko babbar riga, zanen ƙwarya, zanen lalle, ko wanda ɗan ajinku ya yi a darasin zane. A rubuta waƙar da ba ta wuce layi huɗu ba, a faɗi abin da aka kalla, a sa suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin a tashi ranar Alhamis. Malamin Hausa da malamin zane ne za su tace, ba mu ba, don kada a sake zarginmu. Waɗanda aka zaɓa za mu liƙa su a nan tare da zanen da ya haife su.