Maganar Wani a Bakin Jarida: Aikinta a Labarun Ciniki na Turanci

Wanda ya saba karanta jaridun ciniki na Turanci, irin su Financial Times ta birnin Landan, ya san da wuya labari ya ƙare ba a kawo maganar wani babba ba, an kewaye ta da 'yan alamun nan na zancen wani. Masanan harshe sun bincika amfanin wannan al'ada, suka ga ayyuka uku take yi.

Na fari, shaida ce. In marubuci ya ce kamfani zai ci riba, zato ne kurum. Amma in shugaban kamfanin ya faɗa da bakinsa, ya ɗaure kansa, gobe ana iya tuhumarsa a kai.

Na biyu, marubuci yakan tsame kansa da ita, watau ya nuna maganar ta wane ce. Sai dai garkuwar ba ta cika ba, gama a shari'ar Ingila wanda ya maimaita ɓatanci shi ma yana da alhaki. Kuma kalmar da ya sa gaban maganar takan tona ra'ayinsa. In ya rubuta "ya ce", bai ɗauki gefe ba. In ya rubuta "ya yi da'awa", ya sa shakka. In kuwa "ya amsa" ne, ya nuna akwai laifin da aka so a ɓoye.

Na uku shi ne mafi girma. Wani malamin Jami'ar Oxford, J. L. Austin, ya bayyana a laccocinsa na 1955 cewa wata magana ita kanta aiki ce, kamar alkawari ko gargaɗi. A kasuwa wannan a fili yake. Ran 26 ga Yuli 2012, Mario Draghi, shugaban Babban Bankin Turai na lokacin, ya ce a Landan bankinsa zai yi duk abin da ya wajaba don ceton kuɗin Yuro. Jaridu suka ɗauki kalmomin yadda suke, sai ruwan bashin da ake caji Sifen da Italiya ya soma sauka, alhali bankin bai fid da ko kwabo ba tukuna.

Haka kuma magana takan rushe. A 1991 Gerald Ratner, shugaban babban kamfanin kayan ado a Ingila, ya yi ba'a a taro, ya ce wani kayansa tarkace ne. Jaridu suka buga, masu saye suka gudu, darajar kamfanin ta faɗi da kimanin fam miliyan 500, shi kuma ya rasa kujerarsa a 1992.

Saboda haka, kafin mai karatu ya sa dukiyarsa bisa maganar da ya gani a jarida, ya kamata ya duba wanda ya faɗe ta, da ribar da zai samu in an gaskata shi, da kalmar da marubuci ya gabatar da ita.